Bindigar Gargajiya a Kano: Tana Fada, Tana Daji, Ba Ta da Kanti

Ƙofar Mazugal tana daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Kano da ke ɓangaren arewa, ba nisa da Dutsen Dala, inda masu binciken kayan tarihi suka gano alamun narka tama da ake kyautata zaton sun kai tun ƙarni na bakwai. Har yau kuma yankin da ya tashi daga wannan ƙofa ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ta gefe ɗaya, ya gangara Kasuwar Kurmi ta ɗaya gefen, shi ne inda Bakano yake dosa idan yana neman abin da aka yi da ƙarfe.

A tsakanin waɗannan kasuwanni ana samun fartanya da garma da lauje da gatari, ana samun wuƙa da takobi cikin kubensa, ana samun linzami da likkafa na masu hawa, ga rodi da bututu da tsofaffin ƙarafan mota. Abin da mai yawo a wurin ba zai ci karo da shi ba shi ne kantin da aka jera bindigogi a fili, kowace da farashinta, mai saye ya zaɓa ya biya a yanka masa rasit, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe.

Duk da haka bindiga ba baƙuwa ba ce a garin, domin ƙararta ce take shaida wa mutanen birni cewa Sarki ya fito a ranar hawa, ita ce a kafaɗar mafarauta idan rani ya shigo, kuma a shekarun nan da tsaro ya taɓarɓare a arewa maso yamma ita ce makamin 'yan sintiri a ƙauyuka. Wannan giɓi da ke tsakanin yawan masu riƙe da ita da rashin hanyar samunta a sarari ya daɗe, amma sai yanzu ya fara cin rayuka ta hanyar da ba a saba gani ba.

Daga Nupe zuwa gidan Sarki

Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda Baturen mulki Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438), inda ya nuna cewa wani basaraken Barno mai suna Dagaci ya zo da ita cikin kayan sarautarsa. Masana tarihi da dama ba su amince da wannan ba, saboda a wancan lokaci bindigar hannu ba ta gama kafuwa ko a Turai ba, don haka suna ganin marubucin ya ɗauki abin zamaninsa ne ya mayar da shi baya.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne bayanin da kundin ya yi kan zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743), lokacin da garkuwa da bindigogi suka fara shigowa daga ƙasar Nupe, wato ta hanyar kudu da ke haɗe da fataucin bakin teku. Daga baya sai Sarki Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ya zama na farko da ya kafa rundunar 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa, kuma daga wannan tushe ne 'yan bindigar da ake gani yau a gaban Sarki suka samo asali.

Bindigar wancan zamani ita ce adaka, wato doguwar bindiga da ake ɗura wa albarushi ta baki, a bi shi da tsumma, a daka da siririn sandan ƙarfe, sannan ƙanƙarar da ke jikin kunamarta ta ƙyasta wuta idan an ja. Turawan Ingila suna danganta irin wannan bindiga da fataken ƙasar Danmak, waɗanda suka yi cinikinta a gaɓar tekun Gana ta yau, ko da yake mafi yawan waɗanda suka shigo Afirka ta Yamma daga baya a masana'antun Ingila da Beljiyam aka ƙera su.

A yaƙe-yaƙen jihadi na farkon ƙarni na sha tara bindiga ba ta taka wata rawa ta a-zo-a-gani ba, domin kwari da baka da mashi da doki su ne suka yanke hukunci, kuma maharbin kibiya yana iya sakin kibau da dama kafin mai adaka ya gama ɗuri ɗaya. Sai a rabin ƙarshe na ƙarnin al'amarin ya sauya, musamman bayan Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa ta hanyar fataucin Sahara, har aka riƙa ƙera igwa da haɗa albarushi a birninsa, abin da ya tilasta wa maƙwabta su ma su tashi tsaye.

Sarakunan Kano ba su sakar wa kowa wannan makami ba. Sun damƙa shi ne a hannun bayin sarki da cucanawa, waɗanda ba su da gadon sarauta balle su yi kwaɗayin gadon mulki, kuma hakan ya hana hakimai tara ƙarfin da za su yi wa fada tsaurin ido. A yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa bindiga ta yi aiki sosai, Sarki Alu Babba da ya yi nasara kuma har yau ana yi masa laƙabi da Mai Sango, sango kuwa wani ɗan gajeren mashi ne da ake ɗurawa a bakin bindiga a harba, asalinsa na maharban giwa.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, tun kafin zuwan Turawa bindiga a Kano kayan hukuma ce da kayan maharba, ba hajar da ake bazawa a rumfa ba.

Iyakar da aka shata a 1890

A 1890 ƙasashen Turai da wasu ƙawayensu suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Burasel, babban birnin Beljiyam, da sunan yaƙi da cinikin bayi, kuma a cikinta aka hana sayar wa mutanen wani faffaɗan yanki na Afirka bindigogin zamani masu ɗuri ta baya, aka bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ko me aka ce game da niyyar masu sa hannun, amfanin da suka ci a fili yake, domin shekara goma sha uku bayan haka, ranar 3 ga Fabrairun 1903, rundunar Kanar Morland ta shiga Kano da igwa da bindiga mai aman wuta, alhali masu kare ganuwar mafi yawansu da kibiya da takobi da adaka suka tsaya.

Mulkin mallaka ya ci gaba a kan wannan layi. An ƙyale talaka da bindigar toka, kamar yadda ake kiran ƙirar gida mai amfani da albarushi, domin ya kori biri da gyado daga gona ya kuma yi farauta, an ba wa manyan ma'aikata da attajirai da sarakuna izinin bindigar harbin tsuntsu ta Turawa, sauran makamai kuwa suka zama na soja da ɗan sanda kaɗai.

Dokar 1959 da azuzuwanta uku

Dokar makamai da Nijeriya take aiki da ita an yi ta ne a 1959, shekara guda kafin samun 'yancin kai, kuma duk da gyare-gyaren da aka yi mata ƙashin bayanta bai sauya ba. Ta kasa bindigogi gida uku, kowane gida da hukumar da take da ikon ba da lasisinsa.

Aji na farko shi ne na haramtattun makamai, wanda ya ƙunshi igwa da roka da gurneti da bindiga mai sarrafa kanta da bindigogin yaƙi na soja, sannan, abin da mutane da yawa ba su sani ba, ya ƙunshi duk wata ƙaramar bindigar hannu, ko ta zamani ce ko mai ƙanƙara ce irin ta da. Ba mai riƙe ɗaya daga cikin waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin wanda aka kama da ita ba izini ba ya gaza ɗaurin shekara goma.

Aji na biyu shi ne na bindigogin amfanin kai, wato bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko mai baki biyu wadda ba ta ɗura wa kanta harsashi, da bindigar farauta ta wasanni, da mai aiki da iska, kuma Sufeto-Janar na 'Yan Sanda ne yake ba da lasisinsu. Aji na uku shi ne na masu ɗuri ta baki, adaka da danginta, waɗanda dokar ta bar al'amarinsu a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara goma sha bakwai ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka yanke wa hukunci a 'yan shekarun baya kan laifin da ya shafi tashin hankali.

Dokar ta tanadi dillalai masu rajista da za su sayar da makaman aji na biyu ga mai lasisi, amma kasuwarsu ta dogara ne kacokan da fitowar lasisin, shi kuwa an daɗe ana buɗe ƙofarsa ana rufewa. A watan Agustan 2023 Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi a faɗin ƙasar, bisa hujjar cewa makaman da ke hannun jama'a sun yi yawa, kuma dillalin da ba shi da mai saye na halal ba shi da dalilin buɗe kanti.

Libarba: gargajiya a can, haram a nan

Libarba ƙaramar bindigar hannu ce mai wani dunƙulen ƙarfe a tsakiya wanda aka huda masa ramuka biyar ko shida, kowane rami da harsashinsa, yana juyawa duk lokacin da aka ɗana ta domin ya kawo sabon harsashi daidai da bututun. Wani Ba'amurke mai suna Samuel Colt ne ya yi rajistar ƙirar da ta yi fice a 1836, sojojin Ingila kuma suka karɓi samfurin Webley a 1887, irin wadda hafsoshinsu suke ratayawa a ƙugu a lokacin da aka ci ƙasar Hausa.

A Amurka, inda kundin tsarin mulki ya kare 'yancin riƙe makami kuma kantunan bindiga suke a kusan kowane gari, libarba ta zama abin da masu sha'awarta suke kira bindigar gargajiya. Tun daga shekarun 1980 'yan sandan ƙasar suka fara ajiye ta suna komawa ga ƙananan bindigogi masu ɗura wa kansu harsashi, irin su Glock ta ƙasar Ostiriya wadda gangar jikinta ta roba ce mai tauri, saboda sun fi ɗaukar harsashi kuma sun fi sauƙi a hannu, kasuwa ma sai ta bi su.

Masu ƙaunar libarba a can suna yabon ta da cewa ba ta cika sarƙewa ba, idan harsashi ya ƙi tashi sai a sake jan kunama ta wuce zuwa na gaba, kuma suna son ƙarfenta da itacen mariƙinta da aikin hannun da ke jikin tsofaffin samfura. Kukansu shi ne kantuna sun cika da baƙaƙen bindigogin roba masu kama da juna, tasu kuwa ta koma lungu, ta yi tsada, wani lokaci sai an yi oda an jira.

A Kano wannan muhawara ba ta da wurin zama, tun da dokar 1959 ta ajiye libarba a layi ɗaya da gurneti. Dalilin mai doka ba ɓoyayye ba ne, domin doguwar bindiga tana shelar kanta daga nesa, ƙarama kuwa tana shiga aljihun riga, kuma abin da ake ɓoyewa a aljihu an fi buƙatarsa wajen fashi da kisan gilla fiye da wajen farauta. Shi ya sa inda Bakano ya fi ganin libarba shi ne a fim, ko kuma a kan teburin da rundunar 'yan sanda take baje kayan da ta kama a hedikwatarta da ke Bompai, inda sau da yawa wadda ake nunawa ƙirar gida ce da aka kwaikwayi ta waje.

Idan ana neman takwaran mai sha'awar libarba a ƙasar Hausa, wato mutumin da yake fifita tsohuwar ƙira a kan sabuwa kuma yake da hujjojinsa, to a cikin mafarauta da 'yan bindigar fada za a same shi.

Abin da maharbi yake dubawa

Sunayen bindigar gida sun bambanta daga gari zuwa gari, ana jin adaka da baushe da bindigar toka, ana kuma jin harba-ka-ruga, sunan da ya faɗi gaskiyar halin mai ita bayan ya saki harbi ɗaya. A 'yan shekarun nan an samu wata ƙirar da ake karya ta a tsakiya a sa mata harsashin kanti, kuma wannan ta riga ta fita daga aji na uku a idon doka ko da a maƙerar ƙauye aka yi ta.

Tsofaffin maharba da yawa sun fi son mai ɗuri ta baki, kuma hujjarsu ta farko ta aljihu ce, domin harsashin kanti yana da tsada, samunsa kuma sai ta hannun da ba a so a sani, alhali albarushi da 'yan ƙarafan da ake ɗurawa ba su fi ƙarfin talaka ba. Hujja ta biyu ita ce mai adaka shi yake auna ɗurinsa daidai da abin da ya fito nema, na zabo daban, na gada daban, na gyado daban. Ta uku kuwa ita ce duk abin da ya lalace a jikinta maƙerin garinsu zai gyara, ba sai an jira kayan gyara daga waje ba.

Akwai kuma abin da ya wuce lissafi. Bindigar maharbi takan zama gado daga uba zuwa ɗa, gindinta ya yi baƙi ya yi santsi saboda gumin hannu, an naɗe mahaɗarta da fata ko waya, an rataya mata layu, kuma mai ita yana da dokokin da yake kiyayewa game da wanda zai taɓa ta da inda za a jingine ta. Matasan mafarauta ba su cika damuwa da wannan ba, sun fi son wadda za a ɗura cikin ƙiftawar ido, musamman yanzu da abin da ake gamuwa da shi a dajin Falgore da dazuzzukan iyakar Katsina ba naman daji kaɗai ba ne.

'Yan bindigar fada su kuma abin da suke nema shi ne ƙara da hayaƙi. A ranakun Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa suna tafe ne a ƙasa, kowa da doguwar bindigarsa da abin zuba albarushi a rataye, sai mutum ya tsaya ya kafa gindinta a ƙasa, ya zuba, ya cusa tsumma, ya daka, ya ɗaga bakinta sama ya kau da fuska ya saki, ba tare da harsashi ba. Ƙarar takan girgiza ƙirjin na kusa, farin hayaƙi mai warin farar wuta ya lulluɓe hanya, dawakin da suka saba su wuce abinsu, waɗanda ba su saba ba kuwa su nemi kayar da mahayansu. Bindigar zamani ba za ta yi wannan aiki ba, saboda albarushinta ba ya hayaƙi.

Hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa a watan Disambar 2024, a daidai lokacin da rikicin masarauta ya sa 'yan sanda suka hana hawan a Babbar Sallar 2024 da kuma Sallolin 2025, ta yadda bindigogin fada suka yi shiru a shekarun da duniya ta waiwayo su.

Maƙerin da ba ya cikin littafi

Maƙeran Kano sun kasu biyu tun asali, akwai maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe, akwai maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, kuma sana'ar tana da Sarkin Maƙera da tsarin gado. Gyaran bindiga da ƙera ta aikin wasu ƙalilan ne daga cikin maƙeran baƙi, yawancinsu a karkara, kuma ba su yin ta don ajiyewa, sai maharbi ya zo da kansa ko wani sananne ya kawo shi, a yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, ya dawo bayan makonni.

Babban aibin wannan ƙira yana cikin bututunta, domin ba ƙarfen da aka yi don ɗaukar ƙarfin albarushi ba ne, kuma ba wata hukuma da take gwada shi kafin ya shiga hannun mai saye. Idan ɗuri ya yi yawa ko tsatsa ta ci ƙarfen ta ciki sai ya tsage a hannun mai harbi, kuma yankakken yatsa ko tabon ƙuna a fuska ba baƙon abu ba ne a cikin tsofaffin maharba.

Dokar 1959 ta hana ƙera bindiga a wajen ma'ajiyar makamai ta gwamnati, amma ta bar wata 'yar ƙofa, inda ta ba Sufeto-Janar ikon ba wa mutum izinin ƙera da gyara masu ɗuri ta baki idan gwamnan jiha ya yarda. Maƙerin ƙauye da wuya ya san da wannan ƙofa, wanda ya sani kuma yana tsoron kada neman izinin ya zama kai kansa ofishin 'yan sanda. Ta haka sana'ar da ta girmi Nijeriya ta koma aikin bayan gida, kuma da ta shiga duhu sai ta haɗu da masu neman ƙananan bindigogi don fashi da daba, waɗanda suka fi maharbi biya. Wannan matsala ba ta Arewa kaɗai ba ce, maƙeran Awka a jihar Anambra ma sun daɗe da yin suna a wannan fanni.

Tsakanin gwamnoni da Abuja

Ƙididdigar da aka fi ambato tana nuna cewa ƙananan makaman da ke hannun farar hula a Nijeriya sun kai kimanin miliyan shida, adadin da tsohon Shugaban Ƙasa Janar Abdulsalami Abubakar ya maimaita a bainar jama'a a 2021. Waɗanda suka fi ɓarna a cikinsu ba daga maƙera suka fito ba, bindigogin AK-47 ne da danginsu da suke shigowa ta kan iyaka, musamman bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, da kuma waɗanda suke zurarewa daga rumbunan gwamnati ko ake ƙwacewa a fagen fama.

Da hare-haren 'yan bindiga suka yi tsanani, Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a a 2021 da su nemi makamin kare kansu, a watan Yunin 2022 kuma Gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya umarci mutanen jiharsa su nemi lasisin bindiga. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko, 'yan sanda ma suka ce takunkumin ba da lasisi yana nan. Daga baya jihohin suka ɗauki wata hanya, Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da tata rundunar mai suna Askarawa a Janairun 2024.

Masu goyon bayan a sakar wa jama'a makami suna kafa hujja da abin da mafarauta suka yi a Adamawa a ƙarshen 2014, lokacin da suka taimaka wa sojoji wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Masu adawa suna nuni da Zamfara, inda ayyukan 'yan sa-kai suka taimaka wajen mayar da satar shanu rikicin ramuwar gayya tsakanin al'ummu, kuma suna tambayar me harbi ɗaya zai yi a gaban bindigar da take ɗauke da harsashi talatin. Dukkan ɓangarorin suna da gaskiya gwargwado, sai dai muhawarar tasu ta tsallake mutumin da ya riga ya mallaki bindigar toka tun kafin a fara rikicin, wanda ba ya neman sabon makami, takarda kawai yake nema.

Darasin Uromi

A ƙarshen watan Maris na 2025, ana dab da Ƙaramar Sallah, wasu mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida suka faɗa hannun 'yan sintiri a garin Uromi na jihar Edo, aka binciki motar da suke ciki aka ga bindigogin farauta ƙirar gida, aka yi musu ihun masu satar mutane, taron jama'a ya kashe goma sha shida daga cikinsu. Da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne a jihar Kano, kuma Gwamnan Edo Monday Okpebholo ya zo Kano ta'aziyya, inda shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf suka je wurin iyalan mamatan.

Ba abin da zai wanke waɗanda suka yi wannan kisa, kuma fargabar satar mutane da ta addabi yankin ba ta ba kowa ikon yanke hukunci a titi ba. Amma lamarin ya fito da wani abu da aka daɗe ana kau da kai daga gare shi, wato bindigar da a Bunkure kowa ya san ta da mai ita da ubansa, da zarar ta tsallake kogin Kwara ba ta da wata shaida da baƙo zai karanta ya gane.

A 2021 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, a 2024 kuma aka sa hannu kan dokar da ta ba ta gindin zama. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda Nijeriya take ciki, ta nemi ƙasashe su ƙidaya masu ƙera makamai na gida, su yi musu rajista, su kuma sa wa kowace bindiga lamba.

A Kano kayan aikin wannan ƙidaya suna nan, domin akwai Sarkin Maƙera, akwai sarakunan baka da na dawa a garuruwa, akwai dagatai da masu unguwanni da suka san gidan kowane maharbi. Jami'an tsaro suna fargabar kada rajistar ta zama halatta masana'antar da ba za a iya tsare ta ba, tun da hannun da ya iya adaka ya iya libarba, kuma wannan fargaba tana da tushe. Sai dai hanin da ake yi yanzu bai kawo ƙarshen maƙeran bindiga ba, ya dai hana hukuma sanin adadinsu da inda suke.

Izinin ƙera adaka yana buƙatar sa hannun Sufeto-Janar a Abuja da yardar gwamna a Kano, kuma muddin ba a zauna an daidaita tsakanin ofisoshin biyu ba, maharbin da zai tafi cin rani Kudu zai ci gaba da tafiya da katin ƙungiyarsa ta mafarauta, wanda ba wata doka da ta wajabta wa ɗan sintirin wata jiha ya girmama shi.